Waiwaye: Daga gidajen murjani zuwa benen Trump a bakin tekun Jidda

A watan Disambar 2024 kamfanin Dar Global ya sanar da cewa zai gina dogon bene mai hawa 47 a Jidda, a kan titin bakin teku da mutanen gari ke kira Kurnish, kuma sunan Trump za a laƙaba masa. An ce aikin zai ci riyal biliyan 2, wato dala miliyan 530 da 'yan kai, a kammala shi a 2029. Tun daga lokacin hotunansa ke yawo a wayoyinmu, gilashi na ƙyalli, rana na faɗawa cikin Bahar Maliya. Dillalai na tura su ga alhazan Kano da Abuja da Yamai, a majalisunmu na nan Jidda kuwa tambayar ɗaya ce: me ke cikin ɗaki a sararin sama da zai sa ya fi gida guda a ƙasa tsada? Waiwaye adon tafiya ne, kuma amsar ta faro tun kafin a haifi kakanninmu.

Jidda ta daɗe da sanin bene. Tun da Halifa Usman ɗan Affan ya mayar da ita tashar jiragen ruwan Makka a shekara ta 26 bayan hijira, gari ne na fatake da alhazai, kewaye da ganuwa. Fili ya yi kaɗan a cikin ganuwar, sai attajirai suka riƙa hawa sama, hawa huɗu, biyar, wani ma fiye. Da dutsen murjani da ake haƙowa a gaɓar teku suke gini, ana jera katako a tsakanin sahu don kada bango ya tsage. Tagogin nan na katako masu saƙa da ke leƙowa kan titi, waɗanda ake kira rawashin, aiki suke yi na gaske: suna tare rana, su bar iskar teku ta shiga, matan gida su ga waje ba tare da an gan su ba. Wanda ya shiga Gidan Nasif a unguwar Balad, wanda aka gama a 1881 kuma Sarki Abdul'aziz ya sauka cikinsa da ya karɓi garin a 1925, zai ji sanyin da babu wata na'ura da ta kawo shi. A wancan zamanin, mutum na hawa sama ne don neman iska.

Mutanenmu ba a cikin waɗannan gidaje suka zauna ba. Alhazan ƙafa da suka taso daga ƙasar Hausa da Barno, suka ratsa Cadi da Sudan, wasu bayan yaƙin Burmi na 1903, wasu kafinsa, sukan yi shekaru a hanya suna noma da ƙwadago kafin su tsallaka daga Sawakin. Wanda guzurinsa ya ƙare sai ya kafa bukka a bayan ganuwa. Su ne 'yan dakon tashar jirgi, su ne 'yan garuwa, su ne leburorin magina. Larabawa suka kira su Takarir, daga nan muka samu kalmar takari da har yau wasu ke faɗa cikin raini. Waɗanda suka riga zuwa, kafin a tsaurara dokar zama ɗan ƙasa, sun samu takarda, jikokinsu ne masu sunan Hausawi da Barnawi da Fallata da muke gani a filin ƙwallo da ofisoshin gwamnati. Waɗanda suka makara da 'yan shekaru kaɗan suka tsaya a rataye. A Saudiyya ta wajen uba ake gadon ƙasa, haihuwa a cikinta ba ta isa ba.

A 1947 aka rushe ganuwar, kuɗin man fetur suka fara shigowa, gari ya miƙe. Ya miƙe ne zuwa arewa, musamman bayan da aka buɗe filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz a 1981, masu hali suka bi gaɓar teku suna gina gidajen ƙasaita. Kudu aka bar wa tashar jiragen ruwa da matatar mai da talakawa. Sunayen unguwannin ma sun faɗi tarihinsu: Karantina inda ake killace alhazai saboda annoba, Petromin da ta ci sunan kamfanin mai, sai Gulail da Sabil da Kandara da Hindawiyya. A lungunan nan ake sayen fura da masa da tsire, a nan Bahaushiya mai sayar da turare da goro ta yi ta tarbar baƙin Allah shekara da shekaru.

Akwai wani gini na wancan lokaci da nake son a tuna da shi, wato hedikwatar bankin Ahli da aka gama a 1983, mai hawa 27, mai kusurwa uku. Wanda ya zana shi, Gordon Bunshaft, Ba'amurke ne, amma ya fahimci ranar Jidda. Bai sa tagogi a bangon waje ba, sai ya buɗe manyan ramuka uku a jikin ginin, ofisoshi na kallon cikinsu, haske na shiga, zafi na fita ta sama. Dabarar tsoffin magina ce a sabuwar riga. Benayen da suka biyo baya sun yi watsi da ita, domin abin da mai saye ke biya yanzu shi ne kallon teku, kuma kallo gilashi yake so daga ƙasa har rufi. Tekun Jidda a yamma yake. Duk tagar da ta fuskance shi tana shan rana tun daga azahar har magariba, ga laima, ga gishirin da ke cin ƙarfe. Saboda haka sai gilashi mai ruɓi, sai na'urar sanyaya ɗaki da ba ta hutawa, sai masu wanke bango da ke lilo a kan igiya. Wannan duka yana komawa cikin kuɗin hidima da mai gida zai riƙa biya kowace shekara, abin da dillali ba ya saurin ambata.

Babban darasi ga mai son zuba kuɗi yana tsaye can arewa, kusa da Abhur. A 2011 Yarima Alwalid ɗan Talal ya sanar da kwangilar ginin da zai haura mita 1,000, ya zarce Burj Khalifa na Dubai mai mita 828. Adrian Smith, wanda ya zana na Dubai, shi ya zana wannan. Ƙafa uku ya yi masa kamar murhu, yana tsukewa yayin da yake hawa, don iska kada ta samu faffaɗan wurin da za ta tura. Ƙasar wurin ba ta da ƙarfi, sai da aka kafa turakun kankare da wasunsu suka nutse fiye da mita 100. An fara aiki a 2013, kamfanin Bin Ladin ne ɗan kwangila. A watan Nuwamban 2017 aka tsare yariman da shugaban kamfanin tare da wasu manya a otal ɗin Ritz-Carlton na Riyad, a farkon 2018 aiki ya tsaya a wajen hawa na 63. Shekara bakwai kwarangwal ɗin yana tsaye, duk mai hanyar Madina yana ganinsa. Sai a watan Janairun 2025 aka koma aiki a kan sabuwar kwangila ta riyal biliyan 7.2, ana sa ran gamawa a 2028. Sayen gida a kan takardar zane cinikin biri a sama ne. Hukuma ta san haka, shi ya sa ta kafa tsarin Wafi, inda kuɗin masu saye ke shiga wani asusu na musamman, ba a sakar wa magini sai gwargwadon aikin da ya yi. Tsarin yana kare kuɗi daga ɓacewa, amma ba ya mayar wa mutum shekarun da ya yi yana jira.

A kudu kuwa wani labarin ake yi. Ambaliyar 25 ga Nuwamban 2009, wadda ta zo daidai da fara aikin hajji, ta kashe mutum fiye da 100, akasari a unguwannin da aka gina kan hanyar ruwa irin su Guwaiza. Daga nan maganar unguwannin da ba su da tsari ta ƙara ƙarfi a bakin hukuma. A ƙarshen 2021 katafila ta shigo. Mutum zai wayi gari ya ga an rubuta "ikhla" da jan fenti a bangonsa, ma'ana a tashi, wani lokaci kwanaki kaɗan ake bayarwa kafin a yanke wuta da ruwa. Unguwanni fiye da 60 rusau ya shafa, ƙungiyar Amnesty ta ƙiyasta mutanen da abin ya taɓa da rabin miliyan. Hukuma ta ce wuraren sun zama maɓoyar masu laifi da 'yan ƙwaya, motar kashe gobara ma ba ta iya shiga. Ba zan ce babu gaskiya a ciki ba, duk wanda ya zauna a lungunan ya san yoyon da ke ɗakin. Sai dai diyya ta 'yan ƙasa ce. Baƙo mai haya, ko an haifi ubansa a Karantina, kayansa kawai ya kwasa, ya shiga neman ɗaki a garin da kuɗin haya ya tashi dare ɗaya saboda yawan masu nema. A cikin watan Disambar 2021 ɗin ne kuma Yarima mai jiran gado Muhammad ɗan Salman ya ƙaddamar da aikin sabuwar tsakiyar Jidda na riyal biliyan 75, aka kuma yi tseren motoci na Formula 1 karo na farko a Kurnish.

To, a kan wannan ƙasar ce benen Trump zai tsaya, kuma farashinsa bai tsaya ga siminti da rodi ba. Kamfanin iyalan Trump ba shi ke gini ba, suna yake bayarwa a biya shi. Dar Global, wanda ake cinikin hannun jarinsa a Landan, reshen ƙasashen waje na kamfanin Dar Al Arkan, shi ke neman kuɗi ya yi aikin. Mai saye yana biyan sunan ne da fatan wani zai biya fiye da haka gobe, alhali sunan ɗan siyasa yau zuma ne, gobe yana iya zama maɗaci. Ga attajirin Najeriya akwai wani lissafin da ya fi wannan nauyi. Tun 1986 riyal ke ɗaure da dala a kan 3.75, saboda haka wanda ya ga yadda naira ta narke a hannunsa a 2023 yana kallon ɗaki a Jidda kamar asusun dala ne mai ƙofa da taga. Ga jirgin ƙasa na Haramaini da aka buɗe a 2018, wanda ke kai mutum Makka cikin ƙasa da sa'a guda. Wanda ke umara sau biyu ko uku a shekara ya san darajar wannan. Sai ya tuna da harajin cinikin gida na kashi 5 cikin 100 da aka sa tun 2020, da la'adar dillali.

Abin da ya fi komai ɗaga darajar irin waɗannan gidaje, a ganina, takarda ce. A 2019 aka fito da igama, wato takardar izinin zama, ta musamman, wadda ba ta buƙatar kafili, wato mai tsaya wa baƙo: riyal 800,000 a biya sau ɗaya, ko 100,000 kowace shekara. A watan Janairun 2024 aka ƙara wata ƙofa, cewa wanda ya mallaki gidan zama da darajarsa ta kai riyal miliyan 4, babu bashin banki a kansa, zai iya samun wannan igama muddin gidan na hannunsa. A watan Yulin 2025 majalisar ministoci ta amince da sabuwar dokar da ta ba baƙi damar mallakar gidaje a yankunan da za a ware, aka sa Janairun 2026 a matsayin lokacin fara aiki da ita, Makka da Madina kuma da sharuɗɗansu na daban, na Musulmi kaɗai. Duk magini a Jidda ya san wannan adadi na miliyan 4, kuma dillalai da shi suke buɗe baki idan sun ce wa mutum, "Alhaji, wannan ba gida kawai za ka saya ba."

Nan ne abin ke sosa mini rai. Alhajin da ya sauka jiya da kuɗinsa zai samu izinin zama, ya kawo iyalinsa, ya fita ya dawo ba tare da roƙon kowa ba, kuma ina yi masa fatan alheri, halalinsa ne. Amma ɗan'uwansa Bahaushe da aka yanke wa cibiya a Sabil, wanda Larabcinsa na Hijaz ya fi Hausarsa kyau, wanda bai taɓa ganin Kano ba, har yanzu kowace shekara sai ya nemi kafili ya sabunta masa igama. Tun 2017 yana biyan kuɗi a kan kowane ɗa da matar da ke ƙarƙashinsa, an fara da riyal 100 a wata, ya kai 400 a 2020. Mai 'ya'ya biyar da mata ɗaya riyal 2,400 ke nan kowane wata kafin ya sayi shinkafa. Da yawa sun gaza, sun tura iyali Najeriya ko Nijar, ƙasashen da yaran ba su san kowa ba. Wanda takardarsa ta mutu kuwa, idan aka kama shi, Shumaisi za a kai shi, gidan tarhil da ke kan hanyar Makka, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu, ya jira jirgi.

Idan ka bi ta kudancin gari yanzu, inda Gulail da Petromin suke a da, fili ne fetal, sai masallatan da aka bari tsaye nan da can. Tsofaffinmu har yau da sunan lungunan da babu su suke yi wa juna kwatance.