Istihara

Istihara addu'a ce da Musulmi yake yi bayan sallar nafila raka'a biyu, yana roƙon Allah Ya zaɓa masa abin da ya fi alheri a lamarin da yake shirin shiga. Kalmar ta fito ne daga Larabci, tushenta ɗaya da na "alheri", ma'anarta kuwa neman zaɓi. Ana yin ta a kan abin da shari'a ta bar wa mutum ya zaɓa da kansa, kamar aure, tafiya, ciniki, ko sauya aiki. Ba a yin istihara a kan wajibi ko haram, domin an riga an yanke hukunci a kansu.

Asalinta

Kafin Musulunci, idan Balarabe ya rasa ta yi sai ya koma wa kibiyoyin ƙuri'a da ake kira azlam. Wata an rubuta mata umarni, wata hani, wata kuma babu komai a jikinta, idan ta umarni ko ta hani ta fito ita zai bi, idan marar rubutu ce sai ya sake. Alƙur'ani ya haramta wannan a Suratul Ma'ida, aya ta 3. Amma zulumin da yake kai mutum gun kibiya bai gushe ba, sai aka ba shi ƙofar da ta dace da tauhidi.

Madogarar istihara ita ce hadisin Jabir ɗan Abdullahi, wanda Bukhari ya ruwaito. Jabir ya ce Annabi (SAW) yana koya musu istihara a dukkan al'amura kamar yadda yake koya musu sura daga Alƙur'ani. Wannan kwatanci ya isa ya nuna nauyinta, duk da cewa malamai sun haɗu a kan sunna ce, ba farilla ba.

Lafazin addu'ar

Mai roƙo yana farawa da neman zaɓin Allah da falalarSa, sannan ya sauke girman kansa: "Kai ne Mai iko, ni ba ni da iko. Kai ne Ka sani, ni ban sani ba. Kai ne Masanin gaibu." Sai ya ambaci buƙatarsa, ya ce idan alheri ce gare shi a addininsa da rayuwarsa da ƙarshen lamarinsa, Allah Ya ƙaddara masa ita, Ya sauƙaƙe ta, Ya sa albarka. Idan kuwa sharri ce, "Ka kawar da ita daga gare ni, Ka kawar da ni daga gare ta, Ka ƙaddara mini alheri a duk inda yake, sannan Ka sa in yarda da shi."

Wannan gaɓa ta ƙarshe ta cancanci a tsaya a kanta. Abu yakan bar mutum amma zuciyarsa ta ƙi barinsa. Ana iya fasa neman aure, shekaru su shuɗe, mutum yana nan yana cizon yatsa duk sanda aka ambaci sunan. Shi ya sa addu'ar ba ta tsaya ga kawar da abin ba, ta haɗa da cire son sa daga rai, da samun natsuwa da abin da ya zo a madadinsa. Ma'anar tana tafiya da aya ta 216 ta Suratul Baƙara, wadda ta ce mutum zai iya ƙin abu alhali shi ne alheri gare shi, ya so wani alhali sharri ne.

Lokacinta

Hadisin ya ce "idan ɗayanku ya yi nufin wani al'amari". Daga nan wasu malamai suka fahimci cewa a farko ake yin ta, tun so bai yi jijiya ba. Wanda ya rubuta saƙon amincewa da sabon aiki, ya ajiye wayar bai tura ba, ya tashi ya yi alwala, ya fi kusa da manufar istihara a kan wanda ya sa hannu a takarda sannan ya zo neman a sa masa albarka.

Muslim ya ruwaito cewa da aka kai wa Zainab 'yar Jahshi saƙon neman auren Annabi (SAW), ta ce ba za ta yi komai ba sai ta nemi zaɓin Ubangijinta, ta miƙe ta nufi wurin sallarta. Haka ma Abdullahi ɗan Zubairu, bayan gobarar da ta taɓa Ka'aba a shekara ta 64 bayan Hijira. Ya nemi shawarar mutane, Ibnu Abbas ya ce a gyara inda ya lalace kawai, shi kuwa ya ce zai yi istihara sau uku. Bayan nan ya rushe ginin ya sake shi. Labarin yana nuna cewa istihara ba ta kore shawara, kuma ana iya maimaita ta.

Bayan an yi ta

A nan ne kuskure ya fi yawa. Mutane da dama suna ɗauka sai an yi mafarki, an ga fari ko baƙi. Babu zancen barci ko mafarki a hadisin Jabir. Imamu Nawawi, wanda ya rasu a 676 bayan Hijira, ya ce mutum ya bi abin da ƙirjinsa ya buɗe gare shi. Wasu suka ce ya ci gaba da abin da ya sa a gaba kawai, sauƙin da ya samu ko toshewar hanya su ne amsar. Mai cewa zai duba wa mutum abin da ke ɓoye da sunan istihara kuwa, ya koma wa kibiyoyin da aka hana ne, ko da da carbi a hannunsa.

Mafi yawan malamai suna ganin ana karanta addu'ar bayan sallama, Ibnu Taimiyya ya fi son kafin ta. Nawawi ya so a karanta Ƙul ya ayyuhal kafiruna a raka'ar farko da Ƙul huwallahu a ta biyu, amma kowace sura ta wadatar. Wanda uzuri ya hana shi salla, kamar mai haila ko wanda lamari ya zo masa da gaggawa, zai iya yin addu'ar ita kaɗai.