Sukarin madara a abinci: lafiyarsa da dokokinsa

Sukarin madara, wanda masana ke kira laktos, shi ne sukarin da ke cikin nonon ɗan Adam da na dabbobi masu shayarwa. Haɗi ne na sukari iri biyu, gulukos da galaktos. A madarar saniya yakan kai kusan kashi 5 cikin 100, a nonon uwa kuwa kusan kashi 7. Wani likitan Italiya, Fabrizio Bartoletti, ne ya fara ware shi a 1633. Masana'antu suna fitar da shi daga ruwan da ke saura bayan an yi cuku, su busar da shi ya zama farin gari. Zaƙinsa bai kai rabin na sukarin rake ba, shi ya sa ake zuba shi a madarar jarirai, cakulan, biskit da naman da aka sarrafa ba tare da ya canza ɗanɗano sosai ba. Har a ƙwayoyin magani ana sa shi don cike jikin ƙwaya.

Shi kansa laktos ba guba ba ne, amma akwai mutane iri uku da yake shafa, kuma haɗa su wuri ɗaya kuskure ne babba. Na farko su ne waɗanda laktes, sinadarin da ƙaramin hanji ke narkar da shi da shi, ya ragu a jikinsu bayan yaye. Kimanin kashi biyu cikin uku na manyan mutanen duniya haka suke. Sukarin da bai narke ba sai ya gangara babban hanji, ƙwayoyin cuta su ruɓar da shi, a samu kumburin ciki, iska da gudawa. Akwai wahala, amma ba kisa. A 2010 Hukumar Kula da Lafiyar Abinci ta Turai ta bayyana cewa yawancinsu suna iya shan giram 12 a zama ɗaya, wato kamar kofi guda na madara, ba tare da wata damuwa mai yawa ba.

Na biyu jarirai ne masu galaktosemiya, cutar gado da ba kasafai ake samun ta ba, wadda ke hana jiki sarrafa galaktos. Su kam dole a raba su da madara, domin tana iya lalata musu hanta da idanu. Na uku masu borin jini ne ga furotin ɗin madara. Sukarin ba ruwansa da su, sai dai ɓurɓushin furotin yakan maƙale a garinsa.

Saboda haka dokoki sun fi karkata ga tsabtar garin da abin da ake rubutawa a jikin kwali. Ma'aunin sukari na 1999 na hukumar Codex Alimentarius, mai tsara ƙa'idojin abinci na duniya, ya ce laktos ɗin da ke cikin busasshen garin kada ya gaza kashi 99 cikin 100. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 1169/2011 ta sa madara, har da laktos, cikin abubuwa 14 da wajibi ne a fito da sunansu ɓaro-ɓaro a jerin kayan haɗi. A Amurka wata doka ta 2004 ta tilasta ambaton madara a jikin kwali.

Inda aka bar giɓi shi ne rubutun "babu laktos". Tarayyar Turai ta ƙayyade shi ga madarar jarirai, kada ya wuce miligiram 10 a kowace kilokalori 100 (ma'aunin kuzarin da abinci ke bayarwa), amma ga sauran abinci kowace ƙasa da nata ma'auni. Wannan abin damuwa ne, domin yawanci ba cire sukarin ake yi ba, laktes ake zubawa ya raba shi gida biyu. Galaktos yana nan, furotin ma yana nan, don haka irin wannan madara ba ta dace da mai galaktosemiya ko mai borin jini ba.