Likitancin idon dabbobin gida

Likitancin idon dabbobi reshe ne na aikin likitan dabbobi da ya keɓanta ga gano cututtukan ido da magance su a jikin karnuka, kyanwoyi, dawakai da sauran dabbobin da ake ajiyewa a gida.

Tarihi

Doki ne ya fara jan hankalin masana. Marubucin Rumawa Vegetius, wanda ake jin ya rayu tsakanin ƙarni na 4 da na 5, ya ambaci wani ciwon ido da kan lafa wa doki ya sake tasowa, wanda mutanen dā suka danganta da zagayowar wata. Yau an san kumburi ne a cikin ido, kuma sau da yawa yana da alaƙa da ƙwayar cutar Leptospira. An kafa makarantar likitancin dabbobi ta farko a Lyon ta Faransa a 1761, amma sai bayan Hermann von Helmholtz ya ƙera na'urar leƙa cikin ido wajajen 1851 aka samu sauƙin ganin can cikin idon dabba tana raye. Ƙungiyar ƙwararrun fannin ta Amurka ta kafu a 1970, ta Turai kuma a 1992.

A ƙarshen shekarun 1980, Renee Kaswan ta Jami'ar Jojiya da ke Amurka ta nuna cewa ɗiga maganin cyclosporine yana dawo wa kare da hawayen da suka ƙafe. Daga baya aka sarrafa shi domin ɗigawa a idon mutane.

Bincike da magani

Domin auna hawaye, likita kan maƙala siririyar takarda a fatar ido ta ƙasa na minti ɗaya. A lafiyayyen kare jiƙewar kan kai milimita 15 zuwa 25. Ana ɗiga wani rini da ke kama gyambon da ke saman ƙwayar ido ya fito kore, sannan a auna matsin ruwan ido saboda hawan jinin ido. Mafi yawan karnuka masu ciwon suga kan yi yanar ido, abin da ba kasafai yake samun kyanwa ba, kuma tiyata ce maganinta.

Horo

Bayan digirin likitancin dabbobi, ƙwararre kan yi kusan shekara 3 ƙarƙashin manya kafin jarrabawa.

Taƙaddama

Ana saɓani kan ci gaba da hayayyafa nau'ikan karnuka masu gajeren hanci kamar Pug, waɗanda fitowar idanunsu ke jawo musu gyambo.