Ƙarar da ke tashi a ƙafar mota bayan an canza shokozoba: tambayoyi da amsoshi

Masu motoci da dama kan cire shokozoba da sifirin da motar ta zo da su, su sa na wani kamfani, ko don motar ta sauka ƙasa ko don ta ƙara zama daram a kwana. Sau da yawa ana gama aikin sai wata ƙara ta ɓullo da zarar an murza sitiyari. Akasarin irin wannan ƙara daga ɗauri take fitowa, kayan kuma lafiyarsu ƙalau, don haka gano lokacin da take tashi ya fi gaggawar sayen wasu kaya amfani.

Me ya sa ake jin "gwaf" idan an juya sitiyari, ko da motar a tsaye take?

Yawancin ƙananan motoci suna amfani a gaba da tsarin da injiniya Earle MacPherson na Amurka ya ƙirƙiro, inda shokozoba da sifirin suke haɗe wuri guda kuma suke juyawa tare da taya. A samansu, inda suka haɗu da jikin mota, akwai boris wanda aikinsa shi ne ya bar su su juya cikin sauƙi alhali nauyin motar yana kansu. Idan boris ɗin ya ƙame, ko an kifa shi wajen ɗauri, ko an mayar da tsohon da ya riga ya gaji, ƙasan sifirin zai bi taya amma samansa ya tsaya cak. Sifirin sai ya murɗe, ya yi ta tara ƙarfi har ya kuɓuce a lokaci guda, kuma wannan kuɓucewar ce ake ji. Matsalar ta fi yawa a shokozoba masu zare a jiki da ake daidaita tsayinsu, domin wasunsu ba su da boris na musamman a mazaunin sifirin, ƙarfe ne kawai a kan ƙarfe. Maganinta shi ne a canza boris na sama idan ya lalace, a tabbata bakin sifirin ya zauna a gurbinsa, sannan idan tsarin ya ba da dama a sa siririn boris mai allurai tsakanin sifirin da mazauninsa.

Ta yaya za a tabbatar cewa sifirin ne?

A bar motar a ƙasa da nauyinta, domin idan an ɗaga ta da jak nauyin ya sauka daga kan boris, ƙarar kuma takan ɓace ta yaudari mai dubawa. Mutum ɗaya ya riƙa juya sitiyari a hankali daga ƙarshe zuwa ƙarshe, ɗayan ya haska fitila yana kallon sifirin. A ja layi da alli daga sifirin zuwa mazauninsa: idan layin ya rabu biyu bayan an juya, ko aka ga sifirin ya yi zillo daidai lokacin da ƙarar ta tashi, an gano inda take. Kada a cusa yatsu tsakanin zoben sifirin.

Idan ƙwanƙwasa ce a lokacin da ake shiga kwana ko hawa tudu a karkace fa?

A fara da sandunan da ke haɗa shokozoba da sitabilaiza, wato ƙarfen da ke rage karkatar mota a kwana. Idan an saukar da mota, tazarar da ke tsakaninsu ta canza, sai sandar asali ta yi tsawo, ta riƙa bugun hannun ƙasa (ƙarfen da ke riƙe taya daga ƙasa) ko shaf (sandar da ke kai ƙarfin inji ga taya). Gwajin mai sauƙi ne: a kwance sandunan biyu, a ɗaure sitabilaiza yadda ba za ta taɓa komai ba, a zagaya da motar a hankali a wuri marar cunkoso. Idan ƙarar ta ɗauke, sanduna masu daidaita tsawo ake bukata. Idan ba ta ɗauke ba, a duba babban notin saman shokozoba da zoben da ke kulle tsayi, a kuma ga ko sifirin yana lilo idan taya ta rataye. Notin sama da ma'aunin ƙarfin ɗauri ake ɗaure shi bisa adadin da kamfanin ya rubuta. Bindigar iska ta ɗaure noti takan juya sandar shokozoba kawai, notin bai kama ba, wani lokaci ma ta lalata cikinta.

Me ke kawo ƙara mai kama da kukan ƙyaure?

Bushin ne galibi, wato robar da ke tsakanin mahaɗan ƙarafan ƙafar mota. Na roba mai tauri da ake sayarwa don ƙarin ƙarfi yana bukatar giris na silikon, kuma yakan yi kuka da zarar ya bushe. Bushin roba na asali kuwa, idan aka ɗaure notinsa motar tana sama, zai zauna a murɗe idan an sauke ta, ya yi ƙara kuma ya tsage da wuri. Daidai shi ne a sassauta shi, a ɗora nauyin motar a kan ƙafafunta, sannan a ɗaure.

Ko akwai ƙarar da ba ta da alaƙa da sababbin kayan?

Akwai. "Ƙas-ƙas-ƙas" da ke bin gudun taya idan an karya kwana sosai ana ba da wuta alama ce ta kan shaf, kuma saukar da mota yana canza kusurwarsa har ya tona gajiyar da ke ɓoye. Gurzawa a ƙarshen sitiyari taya ce ke taɓa rufin da ke kewaye da ita a jikin mota, za a ga wurin ya yi sheƙi. Kuka daga wajen inji kuma yakan nuna ƙarancin man sitiyari a motocin da ke da famfo.

Za a iya ci gaba da tuƙi da ƙarar?

Kukan bushin da ya bushe galibi damuwa ce kawai ga kunne. Amma a ɗaga motar a kan matokari mai ƙarfi, a riƙe taya ta dama da hagu a girgiza, sannan ta sama da ƙasa. Idan akwai wasa, ana zargin tayarod (sandar da ke haɗa sitiyari da taya) ko bol joyin (mahaɗin da taya ke juyawa a kansa) ko boris na taya, kuma waɗannan ba a jinkirta gyaransu, domin idan bol joyin ya cire taya takan kwanta ana cikin tafiya. Bayan kowane gyara da ya taɓa tsayin mota ko ɗaurin shokozoba, sai an sake yin alaimen, wato daidaita tsayuwar tayoyi, kafin a koma tafiya mai nisa.