Shin ƙona kaska da wuta ko zuba mata kananzir yana sa ta saki jikin mutum lafiya?

An daɗe ana faɗa a ƙauyukanmu na Kebbi, musamman tsakanin makiyaya da manoman fadamar Argungu, cewa idan kaska ta kama mutum sai a ɗana mata ashana ko a shafe ta da kananzir, da kanta za ta faɗi. Masu yin haka nufinsu alheri ne, amma dabarar tana da haɗari.

Bakin kaska yana da ƙananan ƙayoyi masu kallon baya, kuma yawunta yana manne shi da fata, saboda haka ba ta saki da sauri, kuma takura mata na iya sa ta ƙara zubo yawu cikin raunin, wanda ta nan ne ƙwayoyin cuta ke shiga jini. Mai son tabbatarwa ya tambayi likitan dabbobi.

Abin da ya dace shi ne a kama ta da hantsaki dab da fata, a ja a hankali ba tare da murɗawa ba, sannan a wanke wurin da sabulu. Kada a murƙushe ta da yatsu, domin kaskar shanu na iya ɗauke da zazzaɓi mai sa zubar jini. Idan zazzaɓi ya biyo baya, a garzaya asibiti.

Da damina, mai shiga ciyawa ya cusa ƙafar wando cikin safa, ya kuma duba hammata, matsematsi da bayan kunne idan ya dawo. Don Allah ku isar da wannan bayani ga 'yan uwa.