Me ake nufi da "haƙƙin yarjejeniya" a kamun kifi na Amurka?

A jihar Washinton da ke arewa maso yammacin Amurka, ba a tsara kamun kifin salmon na shekara sai da wakilan ƙabilun asali a zaune. Abin da ya ba su wannan kujera shi ake kira haƙƙin yarjejeniya, wato damar kamun kifi da farauta da ƙabila ta riƙe wa kanta ranar da ta sallama wa gwamnati ƙasarta.

A 1854 da 1855 gwamnan yankin, Isaac Stevens, ya ƙulla yarjejeniyoyi da ƙabilu irin su Nisqually, Puyallup, Makah da Yakama. Suka ba da ƙasa, aka rubuta cewa za su ci gaba da kamun kifi a wuraren da suka saba, tare da sauran 'yan ƙasa. Tun 1905 Kotun Ƙolin Amurka ta fayyace cewa ba kyauta gwamnati ta yi musu ba, abin hannunsu ne da ba su taɓa sayarwa ba. Kamar mutum ne ya sayar da gona ya ce ban da rijiyar da ke ciki.

Jihar ta yi kunnen uwar shegu da wannan. Jami'anta suka riƙa ƙwace taru suna tsare masunta da sunan kare kifi, alhali jiragen 'yan kasuwa ne ke kwashe kaso mafi tsoka. Billy Frank Jr., ɗan ƙabilar Nisqually, an kama shi fiye da sau 50, na farko yana ɗan shekara 14.

Ranar 12 ga Fabrairu, 1974, alƙali George Boldt ya yanke cewa "tare da sauran 'yan ƙasa" na nufin raba daidai: rabin kifin da ya halatta a kama na ƙabilun ne. Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin a 1979. A ganina abin da ya fi rabon muhimmanci shi ne hukuncin ya mai da ƙabilun abokan jihar wajen kula da kifin, suna da masanansu da wuraren ƙyanƙyasar kifi da dokokinsu. Jiha ba ta da ikon taƙaita musu kamun kifi sai in kifin na fuskantar ƙarewa.

To ina amfanin rabin kifin da babu? Shi ya sa ƙabilun suka koma kotu kan kwalbatocin tituna da ke tare wa salmon hanyar zuwa inda yake zuba ƙwai. A 2013 aka umarci jihar ta gyara su, a 2018 kuma alƙalan Kotun Ƙoli suka rabu huɗu da huɗu, umarnin ya ci gaba da aiki.