Balas: Kuɗin da Mai Tuƙa Motar Kansa Yake Mantawa da Shi

Duk wanda ya taɓa zama a tashar mota ya san balas. Shi ne kuɗin da direba ke kai wa mai mota bayan ya yi aiki da ita. Ɗan adaidaita sahu a Kano yakan kai nasa kullum da yamma, adadin da aka yanke, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. A manyan motoci sai an je an dawo. Direba ya karɓi kuɗin lodi, ya cire na dizal, na hanya, na yaron mota da nasa haƙƙin, abin da ya rage ya kai wa maigida. Wannan ragowar ita ce balas.

To, direban da Allah ya buɗa masa ya sayi tasa tirelar, wa zai kai wa? Da yawa sukan ce, "Alhamdulillahi, na huta da balas." A ganina nan ne tushen karyewar masu tuƙa motar kansu. Maigidan da yake karɓar balas a da ba cinye shi duka yake yi ba. A ciki yake sayen taya, a ciki yake sauke injin, a ciki yake sabunta takardu, a ciki kuma yake tara na wata motar. Ranar da ka zama mai mota, waɗannan hidimomi ba su tafi ko'ina ba, kanka suka dawo. Abin da ya canja kawai shi ne babu mai zaunar da kai ya ce kawo lissafi.

Saboda haka kuɗin da ya rage a hannun mai tuƙa motar kansa bayan sawu ɗaya na mutum uku ne: na direba, na mota, da na mai mota. Kasancewar su ukun riga ɗaya suke sawa ba ya haɗe kuɗinsu.

Mu ɗauki misali, kuma alƙaluman na misali ne, kowa ya cire su ya sa nasa. Tirela ta yi lodin hatsi a kasuwar Dawanau zuwa Legas, tafiyar kusan kilomita 1,000, a kan naira 1,600,000. A dawowa ta samo kayan kamfani a kan 1,200,000. Jimla 2,800,000. Ta sha dizal lita 900 zuwa da dawowa, a kan naira 1,200 kowace lita, 1,080,000 ke nan. 'Yan kamasho da kuɗin tasha sun ci 200,000. Masu karɓar haraji a jihohin da aka ratsa, na goro a shingaye, abinci, wurin kwana a Ogere da ke kan hanyar Ibadan zuwa Legas, da sallamar yaron mota, 220,000. Direba ya shigo Kano da naira 1,300,000 a aljihu.

Wannan kuɗi shi ne ake kira riba a majalisa. Ba riba ba ce, balas ne wanda ba a kai ba tukuna.

Fara da taya, don ita ce take cin kuɗi a ɓoye. Kan tirela mai taya 10 da bodi mai taya 12, taya 22 ke nan. Idan kowacce naira 250,000 ce, akwai 5,500,000 a ƙarƙashin motar suna gogar kwalta. Idan sukan yi kilomita 50,000 kafin su sule, kowace kilomita tana cin naira 110. Wannan sawun na kilomita 2,000 ya ci taya ta 220,000, alhali ko ɗaya ba ta fashe ba, ko wurin mai faci ba a tsaya ba. Direba bai ga kuɗin sun fita ba, shi ya sa bai lissafa su ba. Zai gan su ranar da shida suka mutu a wata guda. Sai juyen baƙin mai da filta, a ce 60,000 a sawu. Takardu da inshora na shekara, idan 600,000 ne kuma ana sawu 2 a wata, 25,000 ya faɗo kan wannan tafiyar. Sannan a ware 150,000 don babban gyara, domin injin da giya da kulochi da sifirin ba sa tambayar ko kana da kuɗi kafin su kwanta.

Akwai kuma tsufan motar kanta, wanda kusan kowa ke tsallakewa. Ka saye ta miliyan 39, kana sa ran bayan shekara 5 ka sayar da ita miliyan 15. Miliyan 24 ɗin da ke tsakani yana zagwanyewa ne naira 400,000 a kowane wata, wato 200,000 a sawu. A nan sai an yi hattara. Tun da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tsalle, har wani zai ga tsohuwar tirelarsa ƙirar DAF ko Howo ta fi kuɗin da ya saye ta, ya ɗauka arziki ya ƙaru. Bai ƙaru ba, don wadda zai saya ta maye gurbinta ita ma ta tashi, ta ma fi tashi. A yi lissafin tsufa da farashin yau, ba da na ranar da aka saya ba.

Idan aka haɗa, haƙƙin mota a wannan sawun ya kama 655,000. Saura 645,000. Yanzu sai direba ya biya kansa. Nawa zai ba wani ƙwararren direba da ya ɗauka ya yi masa wannan tafiyar? Idan 150,000 ne, to shi ne albashinsa, kuma a cikinsa cefane da kuɗin makaranta da gudummawar biki za su fito. Abin da ya rage, 495,000, shi ne riba. Kuɗi ne mai kyau, amma bai kai ko rabin abin da aka shigo gari da shi ba. Wanda ya yi hidimar gida da ta dangi a kan ma'aunin 1,300,000, tayoyinsa da injinsa yake ci, kamar mai cin irin shuka da rani.

Amfanin wannan lissafi ya fi fitowa ranar da babu lodin dawowa. Motar nan dai, ta sauke a Legas ta juyo fanko. Kuɗin shiga 1,600,000 ne kawai. Dizal ya ragu tunda ba nauyi, a ce 900,000. Kamasho 110,000, hanya 200,000. Direba ya iso gida da 390,000, yana ganin bai yi asara ba. Amma haƙƙin mota bai ragu da wani abin kirki ba, yana nan sama da 600,000. Ya yi kwana da kwanaki a hanya kyauta, ya kuma ciko daga jikin motar.

Shi ya sa idan ɗan kamasho ya kira ya ce, "Oga, akwai lodin Kano, amma fa 800,000 mai kaya ya tsaya," amsar ba ta zuciya ba ce. Idan zaɓin da ke gabanka shi ne ka koma fanko, duk lodin da ya biya ƙarin dizal da ƙarin wahalar taya ya bar wani abu a sama ya fi babu. Idan kuwa za ka jira mai tsoka, ka san jiran ma da farashinsa: tsufan mota kaɗai ya haura naira 13,000 a rana, ga kuɗin fakin, ga abincinka da na yaro, ga sawun da kake rasawa. Wanda ya taɓa bin layin shiga tashar jiragen ruwa ta Apapa ya san yadda mako guda ke narkewa a zaune. Masu tuƙa motocin kansu a Amurka sukan mayar da komai zuwa abin da kowane mil yake ci, don su san farashin da ba za su sauka ƙasa da shi ba. Mu a nan kilomita ce, ko sawu, dabarar dai ɗaya ce. Kuma ba ƙananan masu mota kaɗai abin ke kamawa ba: a watan Fabrairun 2024 ƙungiyar masu motocin sufuri ta NARTO ta dakatar da dakon man fetur na ɗan lokaci, tana kukan cewa kuɗin dakon da ake biya ba ya rufe abin da ake kashewa, musamman a dizal.

Riƙe lissafin ba ya bukatar kwamfuta. Littafi mai bango mai ƙarfi a aljihun gaban mota ya isa, shafi guda ga kowane sawu. Wahalar tana wajen kuɗin hanya, don mai karɓar naira 2,000 a shinge ba ya ba da rasit, kuma zuwa dare an manta. A rubuta a take, ko yaron mota ya rubuta, ko direba ya tura wa kansa saƙon murya ta WhatsApp ya juye a littafi idan an tsaya a Tafa ko Mararrabar Jos. A rubuta dizal da lita, ba da naira kaɗai ba, domin farashi yana canjawa, amma idan motar da ke shan lita 900 ta koma shan 1,000 a hanya ɗaya da nauyi ɗaya, ko dai bakanike ya duba nozul ɗin da ke feshin mai a injin ko kuma wani yana zuƙa da dare. Yawancin tsoffin motocinmu agogon kilomitarsu ya mutu, sai a yi amfani da sanannen nisan hanyar. Cikon kuɗin lodi da mai kaya ya ce sai an kawo takardar shaidar saukewa, kada a sa shi a kuɗin shiga sai ya shigo hannu, a ba shi nasa shafin na bashi.

Shi kuwa haƙƙin mota, a buɗe masa asusun banki na daban, wanda katinsa ba ya yawo a aljihu. Ranar da aka dawo daga sawu a tura shi can kafin a shiga gida, yadda a da ake fara biyawa ta wurin maigida kafin a je a huta. Wanda ya karɓi motar a kan biya kaɗan-kaɗan har ta zama tasa, ya sa kuɗin da yake biya duk wata a wannan layin, kuma ya raba shi a kan sawun da ya yi da gaske a watan, ba wanda ya yi niyyar yi ba.